Yadda Ake Amfani da Inzayim a Abincin Kajin Nama

Duk wanda ya yi kiwon kajin nama ya san inda kuɗinsa ke tafiya: cikin mazubin abinci. Kaso 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa, tun daga isowar 'yan tsaki har ranar sayarwa, abinci ne ke lamushe shi. Abin takaicin shi ne ba duk abin da kaza ta haɗiya ne ke zama nama ba. Wani ɓangare yana ratsa hanjinta ya faɗo cikin kashi kusan yadda ya shiga, ba don tana ciwo ba, sai don jikinta ba shi da abin warware shi. Wannan ɓangaren da ke zubewa shi ake so a ƙwato da inzayim.

Inzayim wani nau'in furotin ne da aikinsa shi ne tsinka manyan sinadarai su zama ƙanana, yadda hanji zai iya tsotse su. Kaza tana da nata na halitta, masu narkar da sitaci da furotin da kitse. Waɗanda ake sayarwa don zubawa a abinci kuwa a masana'anta ake samar da su, daga fumfuna irin su Aspergillus da Trichoderma, ko daga bakteriya irin su Bacillus, ana kiwonsu a manyan tankuna sannan a tace abin da suka fitar. Abu guda da ya kamata ka riƙe kafin komai shi ne kowane inzayim aikinsa ɗaya ne, tamkar mabuɗi da kwaɗonsa. In babu wannan kwaɗon a cikin abincinka, mabuɗin ba shi da abin buɗewa, kuɗinka ne kawai ya tafi. Yawancin masu cewa sun gwada inzayim ba su ga komai ba, a nan suka yi kuskure. Shi ya sa aikin ba daga shagon magani yake farawa ba, daga ɗakin ajiyar kayan abincinka yake farawa.

Mataki na farko: san abin da ke cikin abincin

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke shiga haɗinka da yawan kowanne a cikin kilo 100. In abincin kamfani kake saye, karanta takardar da ke ɗinke a bakin buhu, ko ka tambayi kamfanin kai tsaye ko sun riga sun sa inzayim. Manyan kamfanonin abincin kaji da yawa sun daɗe suna sawa, musamman fayites, wato inzayim mai sakin fosfaros ɗin da ke ɗaure a hatsi, kuma wani lokaci yana zuwa a cikin firimis (garin bitamin da ma'adanai) ɗin da kake saye ba tare da ka lura ba. Ƙara wani a kan wanda ke ciki ba ya cutar da kaza, amma da wuya ya biya kuɗinsa.

In kai kake haɗa abincinka, ga abubuwan da za ka nema.

Na farkonsu, wanda babu haɗin da ya kuɓuta daga gare shi, shi ne fayitet. Kowace ƙwayar tsiro, masara ce ko dawa ko waken suya, tana ajiye fosfaros ɗinta ne a ɗaure cikin wannan sinadari, domin tsiron da zai fito daga baya ya yi amfani da shi. Kusan kashi biyu bisa uku na fosfaros ɗin da ke cikin hatsi da tunkuza a haka yake, a dusar shinkafa da dusar alkama ma ya fi haka. Haɗin masara da waken suya na yau da kullum yana ɗauke da kimanin kilo 2.5 na irin wannan fosfaros a kowane tan, kuma kaɗan daga ciki kaza ke iya amfana da shi. Shi ya sa mai kiwo ke sayen garin ƙashi ko DCP (garin masana'anta mai fosfaros da kalsiyam) ya ƙara, alhali fosfaros ɗin da ya riga ya biya kuɗinsa yana fita a kashi. Ɓarnar fayitet ba ta tsaya nan ba. Yana kama kalsiyam da zinki da sinadarin ƙarfe ya hana jiki tsotsarsu, yana kuma manne wa furotin a cikin ciki ya rage narkewarsa.

Na biyu shi ne harza, wato zaren jikin tsiro da kaza ba ta iya narkarwa, irin wanda ke narkewa a ruwa. Alkama da hatsin rai (rye) suna da wani irin harza, sha'ir da ots (oats) suna da wani irin, amma illarsu ɗaya ce: da sun jiƙa a cikin hanji sai su saki yauƙi. Abinci ya yi kauri, ya riƙa tafiya a hankali, inzayim ɗin kazar na halitta su kasa ratsa shi, kitse musamman ya ƙi narkewa. A waje za ka ga alamar da idonka. Kashi yana danƙo, yana manne wa gashin bayan 'yan tsaki, kaji suna yawan shan ruwa, shimfiɗa tana jiƙewa tana dunƙulewa, warin amoniya yana tashi, daga baya tafin ƙafarsu ya fara baƙi yana gyambo. Masara da dawa ba su da wannan yauƙin sosai. Nasu harzan mai tauri ne, bangon ƙwayoyin halitta ne da ke kulle wani ɓangare na sitaci da furotin a ciki.

Na uku shi ne manan, shi ma wani irin harza, wanda ya yi yawa a tunkuzar ƙwarar manja da tunkuzar kwakwa da garin guwar (wani irin wake), akwai ɗan kaɗan kuma a waken suya. Sai wasu ƙananan sukari a waken suya da kaza ba ta iya narkarwa, su ne bakteriyar hanji ke ci su tara iska.

Da ka gama wannan lissafin, rabin zaɓinka ya riga ya fito.

Mataki na biyu: zaɓi wanda ya dace

In inzayim ɗaya kawai kuɗinka zai iya saye, fayites ne. Dalili kuwa shi ne abin da yake aiki a kansa, wato fayitet, yana cikin kowane haɗi, kuma amfaninsa shi ne mafi sauƙin lissafawa. An fara sayar da shi a kasuwa a 1991, a ƙasar Holan, da sunan Natuphos, daga fumfunar Aspergillus niger. Abin da ya zaburar da mutanen Holan ba ƙiba ba ce. Kashin dabbobi ne ya cika gonakinsu da ruwansu da fosfaros har hukuma ta kafa doka a kai. Daga baya masu kiwo a ko'ina suka gane cewa abin yana rage musu kuɗin haɗi. Nau'o'in da suka biyo baya, waɗanda asalinsu daga bakteriya ne, sun fi jure tsamin ciki, sun kuma fi saurin aiki. Wannan saurin yana da muhimmanci, domin fayites yana yin yawancin aikinsa ne a farkon hanyar abinci, a jakar wuya da ciki da ƙundu inda ake da tsami, kuma abinci ba ya daɗewa a jikin kaza, 'yan sa'o'i ne ya fita.

Zailanes shi ne na masu amfani da alkama, hatsin rai, ko dusar alkama mai yawa. Yana tsinka harzan ya karya yauƙin, kuma a irin wannan haɗin ana ganin aikinsa da wuri: kashi ya bushe, shimfiɗa ta gyaru. Bita-gulukanes na sha'ir da ots ne, shi ne ma ya fara buɗe wa inzayim kasuwa a Turai cikin shekarun 1980, a ƙasashen da sha'ir ya fi araha. Wanda ba ya sa sha'ir ko ots a haɗinsa ba shi da dalilin biyan kuɗi mai yawa a kansa.

A haɗin masara da waken suya zalla, zailanes yana da amfani amma ɗan kaɗan ne. Yana huda bangon nan mai tauri, gutsattsarin da ya bari kuma su zama abincin bakteriya masu amfani a 'yan jakunkunan nan biyu da ke ƙarshen hanji. Kar ka sa ran irin canjin da mai alkama ke gani.

Mananes, mai tsinka manan, na mai son tura tunkuzar ƙwarar manja ko ta kwakwa ne cikin haɗi don rage tsada. Furotiyes, mai narkar da furotin, yana taimakawa in tushen furotin ɗinka ba mai kyau ba ne sosai, ko ingancinsa na canzawa daga kaya zuwa kaya. Amiles kuwa, mai narkar da sitaci, ya fi amfani a makonni biyun farko, lokacin da ɗan tsako bai gama fitar da nasa inzayim ɗin yadda ya kamata ba.

Akwai kuma gauraye, leda ɗaya mai sunaye bakwai ko takwas a jiki. Ra'ayina a kansu shi ne a yi hattara. Wasu na ƙwarai ne, wasu kuwa sunayen ne da yawa, ƙarfin kowanne bai taka kara ya karya ba. Tsawon jerin sunaye ba shi ne abin dubawa ba, adadin da ke gaban kowane suna shi ne.

Mataki na uku: karanta leda, ka fitar da awo

A jikin leda za ka ga sunayen da rubutun kamfani: phytase, xylanase, beta-glucanase, mannanase, protease, amylase. Gaban kowanne ya kamata a ga ƙarfinsa a kowane giram. Ledar da ba ta faɗi ƙarfi ba, ko ba ta da ranar ƙarewar aiki, ajiye ta inda ka ɗauke ta.

Ana auna ƙarfin fayites da FTU. Awon da aka saba da shi shi ne FTU 500 a kowane kilo na gamammen abinci. Lissafin ba wuya. A ce ledarka ta ce FTU 5,000 a kowane giram. Tan ɗaya kilo 1,000 ne, saboda haka kana bukatar FTU 500,000. Raba wannan da 5,000, ka sami giram 100 a tan ɗaya. Wato giram 10 ke nan a kilo 100, giram 5 a kilo 50. In ledar ta FTU 10,000 ce, rabin haka za ka sa: giram 50 a tan, giram 5 a kilo 100. Ka ga ke nan leda mai tsada tana iya fin mai araha sauƙi in ƙarfinta ninki biyu ne. Kuɗin abin da zai ishi tan ɗaya za ka kwatanta, ba kuɗin kilo ɗaya na garin ba.

Wasu suna ninka awon zuwa FTU 1,500 ko fiye, da nufin a ragargaza fayitet gaba ɗaya tun kafin ya kama furotin da ma'adanai. Ana samun ƙarin girma ta wannan hanya, musamman a ƙananan kaji da kuma haɗin da ke da dusa mai yawa. Amma ka sani FTU 500 na farko su ne ke kawo kaso mafi tsoka na amfanin, kowane ƙari bayansu abin da yake kawowa yana raguwa. Mai farawa ya tsaya a awon da aka saba tukuna.

Sauran inzayim ɗin kowane kamfani da irin ma'auninsa. Ƙarfin zailanes na wannan kamfani ba a kwatanta shi da na wancan ta hanyar duba lamba kawai, domin yadda suke gwajin ya bambanta. A nan bin awon da aka rubuta a ledar shi ne mafita.

Kana bukatar ƙaramin sikeli mai auna giram ɗaya-ɗaya. Cokali ba ma'auni ba ne a wannan aikin.

Mataki na huɗu: ƙari za ka yi ko ragi?

A nan gizo ke saƙar, kuma a nan ne riba take ko asara. Hanya biyu ce.

Ta farko, ka bar haɗinka yadda yake, ka zuba inzayim a kai. Ba ka rage komai ba, saboda haka babu haɗari. Abin da kake fata shi ne kaji su ƙara nauyi ko su rage cin abinci. Wannan hanyar tana biya ne in haɗin naka dama yana da giɓi, ko kayan da kake samu ingancinsu ba tabbas. In kuwa haɗin ya riga ya cika da komai, ƙarin fosfaros ɗin da fayites ya saki ba shi da wurin zuwa sai kashi. Ka biya DCP, ka biya fayites, aiki ɗaya suka yi maka.

Ta biyu, ka rage kayan tsada daidai gwargwadon abin da inzayim zai saki. Kamfanonin kirki suna bayar da jadawali mai nuna abin da za ka iya ɗauka cewa inzayim ɗinsu ya samar: fosfaros kaza, kalsiyam kaza, kuzari kaza. Ga fayites a FTU 500, yawanci ana lissafa fosfaros mai amfani tsakanin kaso 0.10 zuwa 0.15 cikin ɗari. Mu ɗauki 0.12. A tan ɗaya wannan kilo 1.2 ne na fosfaros. DCP yana ɗauke da kimanin kaso 18 cikin ɗari na fosfaros, saboda haka kilo 1.2 daidai yake da DCP kilo 6 da rabi ko ɗan fiye. Wato giram 100 na fayites ya tsaya a madadin fiye da kilo 6 na DCP, ga kuma gurbin da ya buɗe a haɗin da za ka cike da masara. Mai amfani da garin ƙashi ma haka zai yi, sai dai fosfaros ɗin garin ƙashi yana hawa yana sauka gwargwadon yadda aka sarrafa shi, don haka ya rage da taka-tsantsan.

Sai batun kalsiyam, wanda mutane da yawa ke tuntuɓe a kansa. In ka cire DCP ka cire kalsiyam tare da shi, sai zuciya ta ce a cike da garin farar ƙasa tunda ba shi da tsada. Kar ka yi gaggawa. Fayites da kansa yana sakin kalsiyam ɗin da fayitet ya kama, kusan gwargwadon fosfaros ɗin da ya saki. Bayan haka, kalsiyam in ya yi yawa babban abokin gabar fayites ne: yana rage tsamin ciki, yana kuma haɗuwa da fayitet su dunƙule su zama abin da inzayim ba ya iya taɓawa. Farar ƙasar da aka niƙa ta yi laushi ƙwarai ta fi yin wannan ɓarnar, domin tana narkewa nan take tun a ƙundu. Abincin farko na kajin nama yana bukatar kalsiyam kimanin kaso 0.9 zuwa 1.0 cikin ɗari, da fosfaros mai amfani 0.45 zuwa 0.50, wato wajen biyu bisa ɗaya, kuma abin da inzayim ya saki yana cikin wannan lissafin. Masu zuba farar ƙasa don cika nauyin buhu su ne ke kashe fayites da hannunsu.

Shawarata ga mai farawa da hanya ta biyu: ɗauki fosfaros da kalsiyam daga jadawalin, amma kuzari da furotin ka ɗauki rabin abin da kamfani ya faɗa, ko ka bar su gaba ɗaya a zagayen farko. Lambobin kamfani daga gwaji mai tsafta suke fitowa, da kaya masu kyau. In kuma kana haɗa inzayim biyu ko uku, kar ka tara alkawuransu wuri ɗaya. Sau da yawa abu guda suke ƙwatowa ta hanyoyi daban-daban, ba zai ƙwatu sau biyu ba.

Ka kuma tuna cewa da zarar ka rage DCP, lafiyar ƙashin kajinka ta rataya a kan wannan 'yar hodar. In ta mutu a ajiya, ko ba ta gauraya ba, ko wani ya manta bai zuba ba, cikin mako biyu za ka ga 'yan tsaki suna zama a kan gwiwa, suna ƙin tashi zuwa mazubi, bakinsu yana lanƙwasuwa in ka matsa shi da yatsa. Shi ya sa matakai biyun da ke tafe ba na wasa ba ne.

Mataki na biyar: gauraya

Giram 10 a cikin kilo 100 kashi ɗaya ne cikin dubu goma. Ɗan tsako a kwanakinsa na farko abin da yake ci a yini bai wuce 'yan giram goma-goma ba, kuma ana so kowane cin da ya yi ya ƙunshi rabonsa. In ka watsa hodar a kan tulin abinci ka juya da shebur sau uku, wasu kajin za su sami ninki goma, wasu ko ƙwaya ba za su gani ba.

Yi shi hawa-hawa. Auna giram 10 ɗinka. Zuba shi a busasshiyar leda mai kauri ko roba mai murfi tare da kimanin giram 100 na garin masara mai laushi. Hura iska a ledar, murɗe bakinta, ka girgiza sosai na minti ɗaya ko biyu. Juye wannan a kan kilo 1 na gari, ka sake girgizawa. Kilo ɗayan nan ka haɗa shi da kilo 10 a babban baho, tare da sauran ƙananan kayan kamar firimis da gishiri da layisin da metiyonin (waɗannan biyun tubalan furotin ne), ka cuɗa da hannu har launin ya zama ɗaya. Sai wannan ya shiga cikin sauran abincin. In a ƙasa kake haɗawa, shimfiɗa manyan kayan, ka barbaɗa ƙaramin haɗin a kai ko'ina, sannan ka kwashe tulin daga wannan gefe zuwa wancan, ka maido shi, aƙalla sau huɗu ko biyar. In da injin gauraya ne, zuba rabin masara tukuna, sai ƙaramin haɗin, sai sauran, ka bar injin ya cika lokacinsa. Mai, in kana sawa, shi ne na ƙarshe, domin in ya riga hodar shiga zai dunƙule ta.

Rufe hanci da baki, ka sa safar hannu lokacin awo. Ƙurar inzayim tana iya jawo atishawa da ƙaiƙayi, wanda ya daɗe yana shaƙarta kuma tana iya taɓa masa numfashi.

Kar ka narkar da inzayim na abinci a ruwan sha sai in ledar ce ta ce a yi haka.

Mataki na shida: kare shi daga zafi da laima

Tunda furotin ne, zafi mai yawa yana dafa shi ya mutu. Mai ba da abinci gari ba shi da damuwa a nan. Amma in za a matse abincin ya zama ƙwaya-ƙwaya, tururin injin yana kai wa digiri 75 zuwa 90, kuma inzayim na gama-gari ba ya tsira. Sai ka nemi wanda aka lulluɓe ko aka ƙera shi don jure zafi, ka duba iyakar digirin da aka rubuta, ko a fesa na ruwa bayan ƙwayoyin sun huce. In kai kake gasa waken suyarka, bari ya huce sarai kafin ya haɗu da inzayim.

Ajiya a wuri mai sanyi, busasshe, nesa da rana da jikin kwano. A ɗaure bakin leda bayan kowane awo. Kar ka haɗa shi da firimis mai ma'adanai ka ajiye wata da watanni, ƙarfinsa na raguwa. Sayi abin da za ka ƙarar cikin 'yan watanni, ka haɗa abincin da za a cinye cikin mako biyu zuwa uku.

Mataki na bakwai: gwada da sikeli

Ido ba ya ganin aikin inzayim a jikin kaza, sai dai a kashi da shimfiɗa. Bambancin da ake magana a kai 'yan kaso ne cikin ɗari, kuma duk wanda ya ce maka hodarsa za ta ninka girman kaji, ciniki yake nema. Saboda haka raba kajinka gida biyu tun ranar farko: 'yan tsaki daga ƙyanƙyasa ɗaya, ɗaki ɗaya da shinge a tsakani, yawansu ɗaya, mazuban abinci da na ruwa daidai wa daida, rigakafi ɗaya. Kar ka ba wani gefen wajen iska ka bar ɗayan a lungu. Wannan gefe abinci mai inzayim, wancan wanda ka saba.

Rubuta kowane kilo da ka zuba, ka cire abin da ya rage. Auna kajin duk mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya. In suna da yawa, tare wasu a kusurwa ka auna duk waɗanda suka shiga, ban da zaɓen manya. Wadda ta mutu a auna ta a rubuta, domin ita ma ta ci abinci.

A ƙarshen zagaye raba abincin da aka ci da nauyin da aka samu. Ga misali don ka ga yadda lissafin yake. Gefen farko, kaji 100 sun ci kilo 380, nauyinsu kilo 220: kilo 1.73 na abinci ke nan a kowane kilo na kaza. Gefe na biyu sun ci kilo 372, nauyinsu kilo 222: 1.68. Bambancin 0.05 kamar ba komai ba, amma a kaji 1,000 masu kilo 2.2 kowace, abinci kilo 110 ne. Ta wata fuskar, ka tsira da kusan kaso 3 cikin ɗari, wato kilo 30 a kowane tan. Yanzu sai ka tambayi kanka: inzayim ɗin da ya shiga tan ɗaya ya kai kuɗin kilo 30 na abinci? In bai kai ba, ka ci riba. Wanda ya bi hanyar ragi kuwa ba ƙarin nauyi yake nema ba. In gefen da aka rage wa DCP ya yi kunnen doki da ɗayan a nauyi da ƙarfin ƙafa, nasara ke nan, domin abincinsa ya fi araha.

Zagaye ɗaya ba ya yanke hukunci. Zafin gari, ɗan ciwo, ko mazubin da ke zubar da abinci duk suna iya rufe bambanci irin wannan. Maimaita sau biyu ko uku, kana sauya gefen da ke samun inzayim.

In ba ka ga komai ba, kafin ka zargi ledar, bincika abubuwan da inzayim ba ya gyarawa. Ba ya cire gubar fumfuna daga masara ko tunkuzar gyaɗar da ta yi laima. Ba ya maye gurbin gasa waken suya, ɗanyen wake zai ci gaba da hana narkewar furotin ko da furotiyes a ciki. Ba ya maganin koksidiya ko wata cutar hanji, kuma hanjin da ya ƙuje ba ya tsotsar abin da aka sakar masa. Ba ya ƙirƙiro layisin ko metiyonin da babu su a haɗi. Tun da Tarayyar Turai ta hana sa maganin kashe ƙwayoyin cuta a abinci don ƙara girma, a watan Janairun 2006, ake ta tallar inzayim a matsayin madadinsa. Gaskiyar da ke ciki ita ce in abinci ya narke da kyau, abin da ke isa ƙarshen hanji don miyagun bakteriya su ci yana raguwa. Amma inzayim ɗin da muka lissafa ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, kaza mai ciwo likitan dabbobi take bukata. Ta wani ɓangaren kuma rashin zamansa magani alheri ne: inzayim ba ya taruwa a nama, jiki narkar da shi yake yi kamar kowane furotin, don haka ana ba da shi har ranar yanka.

Duk lokacin da kasuwa ta sa ka canza kayan haɗi, ka koma kan takardar mataki na farko. In masara ta yi tsada ka shigo da alkama, zailanes ya zama dole. In ka ƙara dusar shinkafa, fayitet ya ƙaru, ƙarin fayites zai iya biyan kansa. In kuwa ka koma ga garin kifi ko garin nama mai yawa, fosfaros ɗinsu ba a ɗaure yake ba, fayitet ɗin haɗin ya ragu, saboda haka abin da fayites zai iya saki ma ya ragu, sai ka rage yawan DCP ɗin da kake cirewa a kan lissafinsa.